Rijiyar da Ake Tsare Haske a Cikinta

Yaran Daura da na ƙauyukan Baure da Zango da Sandamu sun san wani wasa da manya ba sa so. Yaro ya je bakin rijiya mai zurfi, ya sunkuya ya ƙwala kira, ya kasa kunne. Muryar da ke dawowa ta fi wadda ta tafi kauri, ta kuma fi ta daɗewa a kunne. Bangon rijiyar ne ke tare sautin, yana mayar da shi gaba da baya, wani amo ya ƙarfafu, wani ya mutu. Faɗin rijiyar da zurfinta su ke zaɓar amon da zai rayu. Masu ziyarar rijiyar Kusugu kan tafi da labarin macijiya da ruwan da suka sha, amma rijiya kowace iri ce tana da wannan hali na biyu, wato riƙe abin da aka jefa mata na ɗan lokaci kafin ta sake shi.

A Hambug ta Jamus da Girenobul ta Faransa akwai masana da suka shafe shekaru suna gina irin wannan rijiya. Tasu ta haske ce, hasken kuma shi ne wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da ƙirji da shi a asibiti, wanda ake kira eksire. Kaurin rijiyar gaba ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin silin gashi ba. A tsakiyarta kuma sukan shimfiɗa ƙarfe, irin wanda ke jikin kowace fartanya.

Hasken da ba ya jin birki

Ranar 8 ga Nuwamba 1895 ne Wilhelm Röntgen ya gano wannan haske a garin Würzburg na Jamus. Bayan makonni kaɗan ya ɗauki hoton hannun matarsa, ƙasusuwa da zobe suka fito fes, kuma a 1901 shi ne ya fara karɓar kyautar Nobel a fannin fiziks. Yau ɗan acaɓan da ya faɗi a hanyar Kongolam, ko tsohon da tari ya ƙi barinsa, ana tura shi ɗakin hoto a babban asibitin Daura ko asibitin Sojan Sama da aka buɗe a garin a 2019, ya tsaya gaban na'ura, a ce ya riƙe numfashi.

Masu sauraron rediyo sun saba jin ana cewa a kama tasha a kan mita 19 ko mita 25 a gajeren zango. Wannan mitar tsawon kowace igiya ce ta saƙon rediyon. Haske ma igiya ne mai irin wannan tsawo, sai dai gajere ƙwarai. Hasken da ido ke gani tsawon igiyarsa wajen nanomita 500 ne, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Eksiren da wannan labari ya shafa tsawon igiyarsa nanomita 0.086 ne, bai ma kai faɗin zarra guda ba. Gajartar nan ce ke ba shi ƙarfin ratsa tsoka, ita ce kuma ta sa yake da wuyar sarrafawa. Madubin da ke mayar da hasken fitila, eksire wuce shi yake yi ko ya nutse a ciki. Wanda ba shi da madubi kuwa ba shi da bangon da zai gina rijiya.

Dabarar da ta warware matsalar duk direban da ke bin titin Daura zuwa Katsina da tsakar rana a watan Afrilu ya ga makamanciyarta. Can gaba kwalta kan yi ƙyalli kamar ruwa ya kwanta, da an matso sai a ga busasshen titi. Kawalwalniya ke nan. Hasken sama da ya zo a kwance, yana shafar iskar da ta yi zafi a kan kwalta, shi ne ke lanƙwasowa ya shiga ido. Eksire ma idan aka turo shi a kwance sosai, kusan daidai da fuskar ƙarfe mai santsi, ba ya nutsewa, tsalle yake yi ya tashi. Karkatar da ake bukata 'yar ƙarama ce, kamar hanyar da ke gangarawa mita 3 kacal a cikin kowace kilomita.

Da wannan ake gina rijiyar, wadda masana ke kira kogon haske. A kan ɗan faifan silikon mai santsi a shimfiɗa ƙarfen filatinam mai nauyi. A ɗora masa kabon, sinadarin da ke cikin gawayi, mai kaurin 'yan gomman nanomita. A rufe da wani filatinam siriri wanda haske zai iya kutsawa ta cikinsa. Idan aka daidaita karkatar, hasken ya shiga tsakanin bangayen biyu yana kai da komo, har ya zauna kamar tsarkiyar goge da aka kaɗa: tsakiya na rawa sosai, gefe biyu shiru.

Biyu cikin ɗari

Labarin gargajiya ya ce kafin Bayajidda ya iso Daura sai da ya yada zango a Gaya, inda maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya sare macijiyar Kusugu. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin tama da zuga-zugi, kuma masu tonon tarihi sun samu alamun narka ƙarfe a Dutsen Dala na Kano tun wajen ƙarni na 7. Abin da maƙerin bai da hanyar gani shi ne ƙarfen da ke kan uwar maƙerarsa ba iri ɗaya ba ne duka.

Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya, ƙarama ainun. Da za a buɗa zarrar ƙarfe ta kai girman filin ƙwallo, cibiyar ba za ta wuce ƙwayar dawa a tsakiyar fili ba, amma kusan duk nauyin yana cikinta. A cikin kowace zarra ɗari ta ƙarfe, wajen 92 cibiyarsu mai lamba 56 ce. Biyu kacal ne masu lamba 57, wato sun ɗara masu lamba 56 nauyi da ƙwayar niyutiron guda. Haka rabon yake a garma, a layin dogo, a jan marmara, har a cikin jinin mutum. Wannan ƙarfe mai lamba 57 yana da wata baiwa. Cibiyarsa tana haɗiye ƙwayar eksire guda idan ƙarfinta ya yi daidai da ma'auni 14,400 na abin da masana ke kira elektaron-bolt, ta riƙe ta na kimanin nanosakan 141 (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan), sannan ta sake ta. Idan ƙarfin ya kauce ko kaɗan, cibiyar ba ta ko kula.

Wannan “kaɗan” ɗin sai an kwatanta. Daga nan zuwa rana kilomita miliyan 150 ne. Tsantsenin cibiyar ƙarfe 57 ya kai na mai awon da zai auna wannan nisa ya ƙi karɓa saboda kuskuren santimita 5.

An daɗe ana hasashen cewa cibiya ɗaya za ta iya jefa wa 'yar'uwarta haske ta cafe, amma gwaji ya yi ta ƙi. Dalilin kuwa duk ɗan bindigar da ke harbi a hawan Sallah ko Sallar Gani ya san shi a kafaɗarsa. Bindiga idan ta tashi sai ta tokari mai riƙe da ita. Cibiyar zarra ma idan ta harba ƙwayar haske takan ja da baya, ja da bayan ya cinye wani ɓangare na ƙarfin hasken, sai ya isa wurin ta biyun a rage, ita kuma ta ƙi shi.

Rudolf Mössbauer, ɗalibin digirin digirgir ɗan shekara 29, shi ya ci karo da mafita a Heidelberg a 1958, yana aiki da ƙarfen iridiyam. Ya sanyaya kayan gwajinsa yana tsammanin haɗiyar hasken za ta ragu, sai ya ga ta ƙaru. Da ya bi diddigi ya gane cewa idan zarra tana daskare a cikin dunƙulen ƙarfe, wani lokaci dunƙulen ne gaba ɗaya ke ɗaukar tokarin, kamar bindigar da aka dasa gindinta a jikin ganuwa. Ganuwa ba ta motsawa, don haka hasken ya fita da cikakken ƙarfinsa. A 1961, yana da shekara 32, aka ba shi kyautar Nobel.

Ba a daɗe ba aka gane cewa ƙarfe 57 yana yin haka ko ba a sanyaya shi ba. A 1960 Robert Pound da Glen Rebka na Jami'ar Harvard suka sa wannan haske ya yi tafiyar mita 22 da rabi a cikin wata hasumiya, wadda ta ɗara Gobarau ta Katsina tsayi. Suka auna ɗan canjin da jan ƙasa ya yi masa, ya fito daidai da abin da Albert Einstein ya hango. Tsantsenin ya kai idan aka motsa tushen hasken da saurin milimita ɗaya a sakan, wanda hawainiya ma ta fi shi sauri, cibiyoyin da ke jira sai su daina karɓa.

'Yan amshi a cikin kogo

Mössbauer da na bayansa sun dogara da ɗan gutsuren sinadari mai fitar da hasken da kansa, ta kowace fuska, ba tsari. Sauyi ya zo da manyan na'urorin da ake kira sinkirotiron, inda ake kora ƙwayoyin lantarki a cikin zobe da gudun da ya kusa na haske, suna fesa eksire siriri mai kaifi. Zoben ESRF na Girenobul kewayensa mita 844 ne. Na PETRA III a cibiyar DESY ta Hambug kilomita 2.3 ne. A 1985 Erich Gerdau da abokan aikinsa a Hambug suka fara nuna cewa irin wannan haske zai iya tayar da cibiyoyin ƙarfe 57.

Nan ne ilimin kwantum ya shigo, ilimin da ke bayanin halayen abubuwa mafi ƙanƙanta. Haske ba ya zuwa kamar ruwan famfo, ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, kowace ƙwaya ana ce mata foton. Saboda tsantsenin cibiyar, a cikin kowace walƙiya da sinkirotiron ya aiko, da wuya a samu fiye da ƙwaya guda da ta dace da ƙarfen. Ƙwaya guda ke nan ta shiga kogo, ta tarar da shimfiɗar ƙarfe 57 wadda kaurinta bai kai nanomita 2 ba amma tana ɗauke da cibiyoyi bila adadin. Wace ce za ta haɗiye ta?

Hankali zai ce ɗaya daga ciki. Gwaji ya nuna cewa dukkansu ne ke riƙe ta tare, ba tare da an yanka ta gunduwa-gunduwa ba, kuma babu wadda za a nuna a ce ita ce. Da lokacin saki ya yi sai su sake ta da murya ɗaya, kamar 'yan amshin da suka ɗauki baiti a tare, kuma cikin gaggawa fiye da yadda cibiya ɗaya za ta yi ita kaɗai. Robert Dicke na Jami'ar Princeton ya hango wannan hali tun 1954. A 2010 Ralf Röhlsberger na DESY da tawagarsa suka kai kogonsu Girenobul, suka ga cibiyoyin suna sakin hasken da saurin da ya ninka na asali fiye da sau 50. Suka kuma auna wani abu da aka yi hasashensa tun 1973 ba a taɓa kama shi da kyau ba: haɗuwar cibiyoyin tana ɗan karkatar da launin hasken da suke fitarwa. Mujallar Science ce ta buga sakamakon.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A 2012 tawagar ta saka shimfiɗa biyu ta ƙarfe a kogo ɗaya, ɗaya a inda hasken ke rawa sosai, ɗaya a inda yake shiru. Sai ga ƙarfen, a daidai ƙarfin da ya kamata ya fi tare haske, ya zama kamar gilashi. Amsar shimfiɗa ɗaya ce ke kashe ta ɗayar. A 2015 Kilian Heeg da Jörg Evers na cibiyar Max Planck da ke Heidelberg, tare da abokan aikinsu, suka rage gudun walƙiyar eksire a cikin kogo da kimanin sau 10,000. Haske na cin kilomita 300,000 a sakan, a can kuwa cibiyoyin suka yi ta riƙe shi suna saki har ya koma wajen kilomita 30. A 2017 aka ga ƙwayar haske guda tana lilo tsakanin shimfiɗu biyu na ƙarfe, wannan ta miƙa wa waccan, waccan ta mayar.

Masu aiki da haske mai laushi sun riga su a wannan fage. Serge Haroche, Bafaranshen da aka haifa a Kasabalanka ta Maroko, ya samu kyautar Nobel a 2012 saboda tsare ƙwayoyin haske tsakanin madubai biyu yana nazarinsu ɗaya-ɗaya. Abin burgewa a aikin Hambug da Heidelberg shi ne sun yi da hasken da aka ɗauka ba ya sarrafuwa, kuma da yawa daga gwaje-gwajen ba su bukaci sanyi mai tsanani ba, domin cibiyar zarra tana can ciki a killace, hayaniyar waje ba ta cika damunta ba.

Wa zai amfana?

Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce babu majinyacin da zai ga wannan kogo a ɗakin hoto bana ko baɗi. Bincike ne na tushe. Amma hanyoyin da ya nufa a bayyane suke.

Ta farko agogo ce. Wayar da ke nuna wa direban tirela hanya daga Mai'aduwa zuwa Kano tana dogara da taurarin ɗan'adam masu ɗauke da agogon zarra. Mafi kyawun agogon siziyam, wanda da shi ake ayyana sakan a duniya, sai ya yi shekara kimanin miliyan 300 kafin ya yi kuskuren sakan ɗaya. Agogon da aka ɗora a kan cibiyar zarra zai iya zarce haka. A 2023 Yuri Shvyd'ko na ɗakin binciken Argonne a Amurka, tare da Röhlsberger da Olga Kocharovskaya, suka yi amfani da lezar eksire ta Turai, mai tsawon kilomita 3.4 a ƙarƙashin ƙasa kusa da Hambug, suka tayar da cibiyar wani ƙarfe mai suna sikandiyam 45. Ita tana riƙe haske kusan rabin sakan, wanda ya ninka na ƙarfe 57 sau miliyoyi, kuma tsantseninta ya ninka haka. Lissafi ya nuna agogon da za a gina a kanta zai iya yin shekara biliyan 300 kafin ya ɓata sakan. A 2024 kuma masana a Jamus da Ostiriya da Amurka suka tayar da cibiyar toriyam 229 da leza, wanda shi ne ya fi kusa da zama agogo na zahiri. Agogo mai irin wannan kaifi yana jin bambancin jan ƙasa, don haka ana fatan ya taimaka wajen gane abin da ke kwance a ƙarƙashinta.

Ta biyu ajiya ce. A 2024 wata tawaga ta jera siraran fallayen ƙarfe guda bakwai, ɗaya a tsaye, sauran kowanne na motsi da nasa sauri, ta adana ƙwayar eksire guda sannan ta fito da ita da siffarta. Lokacin ajiyar gajere ne ƙwarai, amma duk mai burin aika saƙo da ƙwayar haske ɗaya-ɗaya yana bukatar rumbun da zai ajiye ta.

Abin takaici a nan shi ne taswira. Akwai sinkirotiron da dama a Turai da Asiya da Amurka, akwai a Barazil da Ostareliya, amma babu ko ɗaya a Afirka. A Nuwamba 2015 masana daga nahiyar suka taru a Girenobul suka ƙaddamar da yunƙurin gina na Afirka, kuma har yanzu ana kan neman kuɗi da ƙasar da za ta karɓi baƙuncinsa. Misalin da suke yawan kawowa shi ne SESAME a Jodan, wanda aka buɗe a Mayu 2017, inda Masar da Iran da Isra'ila da Falasɗinu da Turkiyya da Pakistan ke aiki a rufi ɗaya, kuma tun 2019 wutar hasken rana ce ke ɗaukar nauyinsa. Wanda ya san ranar Daura a lokacin bazara ba zai wuce wannan bayani bai tsaya ba.

A Arewa, wurin da ya fi kusa da wannan fanni shi ne Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. A can ne ƙaramin injin nukiliya na bincike, NIRR-1, ya fara aiki a Fabrairu 2004, kuma a 2018 aka sauya masa makamashi zuwa yuraniyam mai ƙarancin tacewa. Aikinsa na yau da kullum magana ce da cibiyar zarra: a jefi samfurin ƙasa ko tama ko hatsi da niyutiron, a saurari hasken da cibiyoyin ke fitarwa, a gane sinadaran da ke ciki. Ɗalibin da ya ƙware a wannan ya riga ya san rabin harshen da ake yi a Hambug.

Daura kanta ta zama garin ƙarfe a 'yan shekarun nan. An aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Disamba 2019, ga Kwalejin Fasaha ta Tarayya, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka tsara ya ratsa ta garin. Tsatsa da gajiyar ƙarfe su ne ciwon kan injiniyan dogo, kuma hanyar Mössbauer tana daga cikin waɗanda ke bambance wane irin tsatsa ne ya kama ƙarfe. Masu binciken tarihi ma suna amfani da ita su gane zafin wutar da aka gasa tsohuwar tukunya, da irin tamar da aka narka a tsohon murhu, tambayoyin da kasko da kashin maƙera na tsofaffin kufai irin su Tsohon Birni za su iya amsawa.

Wannan ɓangare na aikin ba ya bukatar zobe mai kilomita biyu. Na'urar Mössbauer ta gargajiya a kan tebur take zama, da ɗan gutsuren kobal 57 wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi duk bayan wata tara, sai a sayo sabo. A Janairu 2004 motocin bincike biyu na hukumar NASA, Spirit da Opportunity, suka sauka a duniyar Mars, kowace da irin wannan na'ura a hannunta, ƙirar tawagar Göstar Klingelhöfer ta Jami'ar Mainz. Da ita aka gano ma'adinan ƙarfe da ba sa samuwa sai inda ruwa ya taɓa zama. Nauyinta wajen rabin kilo ne.